Yadda na koyi faɗar shekaru da Turanci

Na daɗe ina karanta Turanci a takarda ban taɓa lura cewa ban iya furta shekarun da ke cikinsa ba, domin mai karatu a zuci ido kawai yake kai wa lamba ya wuce. Abin ya fito fili ne ranar da aka ɗora mini karanta taƙaitaccen tarihin Daular Sakkwato a gaban wasu baƙi da suka zo daga Ingila. Da na iso 1804, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, sai na juya "alif da ɗari takwas da huɗu" kai tsaye, na ce "one thousand eight hundred and four". An fahimce ni sarai, amma da wata dattijuwa a cikinsu ta tashi yin tambaya, sai na ji ta ce "eighteen oh four", a taƙaice, cikin numfashi guda.

Tun daga ranar na riƙa kasa kunne, har na gano cewa Turawa raba shekara suke yi gida biyu, su faɗi lambobi biyu na farko, sannan biyun ƙarshe. Shi ya sa 1960, shekarar samun 'yancin kan Najeriya da Nijar, take zama "nineteen sixty". Idan sifili ya shiga na uku, sai su kira shi da sunan harafin O, don haka 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa, ita ce "nineteen oh three", ita kuwa 1900 "nineteen hundred" ake ce mata.

Shekarun da suka biyo bayan 2000 ne suka rikita tsarin, har a wurin masu harshen. Daga 2001 zuwa 2009 yawancinsu sun koma faɗar lambar cikakkiya, mutanen Ingila suna cewa "two thousand and five", Amurkawa kuma sukan jefar da "and" ɗin. Daga 2010 aka fara komawa tsohon salo, har gasar Olamfik da aka yi a Landan a 2012 ta shahara da "twenty twelve". Ni dai gajeren na fi so, domin ya fi sauƙi a baki, kuma mai sauraro ba ya jiran ka gama lissafi kafin ya san zamanin da kake nufi.

Inda na fi shan wahala shi ne bambanta 1914 da 1940, wato "nineteen fourteen" da "nineteen forty", domin idan ba a ja "teen" an kuma fito da harafin N na ƙarshe ba, sai mai sauraro ya ɗauka an haɗe Arewa da Kudancin Najeriya ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yanzu duk takardar da zan karanta a gaban jama'a, sai na bi ta da fensir tun da daddare, na rubuta lafazin kowace shekara a gefen shafi, na kuma maimaita masu "teen" da ƙarfi har sai kunnena ya gamsu.