Mutumin da ke jikin dala 50

Jiya aka miƙo mini takardar dala 50, na tsaya ina kallon mai gemun da ke jikinta. Ashe Ulysses Grant ne, janar ɗin da ya ci yaƙin basasar Amurka. Na raba dare ina karanta tarihinsa.

Mutumin nan ya bar aikin soja a 1854, talauci ya sa shi gaba har ya koma sayar da itacen girki a St. Louis. Shekara goma bayan haka, shi ke jan ragamar dukan sojojin Arewa a yaƙinsu da Kudu. Ikon Allah!

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ranar 9 ga Afrilu 1865 a ƙauyen Appomattox na jihar Virginia. Janar Lee, jagoran sojojin Kudu, ya zo miƙa wuya tsaf cikin sabbin kaya, da takobinsa. Grant kuwa ya shigo takalmansa duk taɓo. Bai wulaƙanta kowa ba. Ya bar wa sojojin Kudu dawakansu su je su yi noma, ya kuma ba su abinci, don yunwa ta ci su.

An zarge shi da shan giya, ban wanke shi ba. Ya rasu a 1885, ciwon daji a maƙogwaro, kwanaki kaɗan bayan ya gama rubuta tarihin rayuwarsa don iyalinsa su samu na sakawa a baki.