Maƙerin farfaru: daga liyari zuwa sarƙar lefe

Mu maƙeran farfaru ne, azurfa da gwal muke taɓawa. Garma da lauje na maƙeran babbaƙu ne. A shagonmu da ke cikin birnin Kano muna ƙera 'yan kunne, awarwaro, zobe da sarƙar lefe, muna kuma narkar da tsohon kaya mu fitar da sabon yayi.

In mace ta kawo sarƙa, kafin in ɗora a sikeli, hatimin da ke jikin maɗauri nake dubawa. In na ga 916, karat 22 ke nan (karat shi ne ma'aunin tsabtar gwal), irin wanda matan Indiya suka fi so. A can, ranar auren Hindu, ango ne ke ɗaura wa amarya mangalsutra, sarƙa mai ƙananan duwatsu baƙaƙe, ita ce shaidar matar aure. 875 kuwa karat 21 ne, irin tsarabar da hajiyoyi ke dawowa da ita daga Saudiyya da Dubai. Na Italiya galibi 750 ne, wato karat 18, ya fi tauri, amma launinsa bai cika burge matanmu ba, su sai ja-jawur.

Ni dai azurfa na fi ƙauna, don da ita na buɗe ido. Baba yana da 'yar jakar fata da yake ajiye liyari, kuɗin azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza. Kowanne ka juya 1780 za ka gani, ko da an buga shi bayan shekara ɗari. Fatake ne suka riƙa shigo da shi ta hamada, maƙera suna narkarwa suna yi wa mata mundaye. Aikina a lokacin zuga ne kawai, hannu a zugazugi, ido a gawayi. Sai da na iya gane narkewar azurfa daga yadda take rawa a kasko kafin ya bari na riƙe awartaki.

Zubi kuwa a wurin wani Buzu na koya, mutumin Agadas. Zai siffanta abin wuya da kakin zuma, ya lulluɓe da laka, ya gasa har kakin ya tsiyaye, sannan ya zuba azurfa a gurbinsa. Dole a fasa lakar kafin a ciro, shi ya sa ba ka samun biyu iri ɗaya sak. Sauran aikin na magagari ne da zane da hannu. Matan Abzinawa tun da can azurfa suka fifita a kan gwal.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne 'yan ruwan gwal. Tagulla ce a wanke ta, a buga mata hatimin ƙarya, kafin a gama zagayen biki wuya ya yi kore. Sai wata ta zo ta ce, "Haba Malam, can an bar min a rabin wannan." Hajiya, wancan ranar da kika matsu wa zai saya? Gwal ɗin gaske ajiyar mace ne, da shi ake biyan kuɗin asibiti, da shi ake cika kuɗin kujerar Makka.

Shi ya sa komai a gabanki muke yi. Mu goga a dutsen gwaji, mu ɗiga ruwan gwaji, mu auna kina kallon sikeli, mu rubuta nauyi da karat a rasit. Masu haɗa lefe a taimaka a zo da wuri, zane da hannu ba ya son gaggawa.