Ba duk kuɗin da ke aljihun mai sana'a ne nasa ba

Ofishinmu ƙarami ne. Muna riƙe wa masu ƙananan sana'o'i littafin shige da fice na kuɗi, mu shirya musu takardun haraji, wani lokaci kuma ma'aikaci mai albashi ya zo neman shawara kan tanadi. Mutane suna ɗauka sai lokacin biyan haraji muke da aiki. Wannan lokacin girbi ne kawai, abin da mutum ya shuka cikin wata 12 shi muke tattarawa.

Abin da ya fi cin mana lokaci shi ne raba kuɗin mai sana'a da na sana'arsa. Mutum ya yi ciniki, ya ciri kuɗin makarantar yara, ya ranta wa ɗan'uwa, ya gyara gida, duk daga asusu ɗaya, sannan ƙarshen shekara ya ce kasuwa ba riba. Ribar ta samu, cinye ta aka yi ba a rubuta ba. Shi ya sa ba na karɓar aikin kowa sai ya buɗe asusun banki biyu, ya kuma yanka wa kansa albashi kamar sauran ma'aikatansa.

Harajin riba ana lissafa shi ne kan abin da ya rage bayan an fitar da kuɗin gudanarwa, wato haya da albashi da sufuri da wuta. Rasit ɗin da ya ɓace asara ce sau biyu: ka kashe kuɗin, ba ka da shaida, sai a lissafa shi cikin ribarka. Inji ko motar aiki kuwa, a yawancin ƙasashe ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekarar da aka saya, ana rarraba shi ne kan shekarun da za su yi amfani.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, wanda Faransa ta fara a 1954, yanzu kuma ƙasashe sama da 150 ke karɓa. Mai saye ne ke biya, kai ajiya aka ba ka. Amma da yake yana shigowa tare da kuɗin ciniki, sai mai sana'a ya saro kaya da shi, ranar miƙa wa hukuma ta zo babu ko sisi, ga tara a kai. Nakan ce a ware shi tun ranar da ya shigo, a asusun da ba a taɓawa.

Rage haraji ta hanyar da doka ta yarda, kamar zuba kuɗi a asusun fansho inda ake yi wa hakan rangwame, aikinmu ne kuma muna yin sa da ƙwazo. Wanda ya zo yana so a yi masa littafi biyu, ɗaya nasa ɗaya na hukuma, nakan mayar masa da takardunsa tun kafin ya gama bayani.