Karanta asali a fuskar tsohon hoto

Wanda yake ruwa biyu, in ya tashi neman asalinsa, yawanci daga adakar kakarsa yake farawa. Irin wannan gauraya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Larabawan Gadamus sun zauna a Dandalin Turawa cikin birnin Kano har suka yi auratayya. Fataken goro sun yi sansani a Salaga da ke ƙasar Gana ta yau, da yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi. Waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 sun yada zango a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Jikokinsu ne yau suke jujjuya hoton da ya koɗe suna tambaya: wannan dattijuwar 'yar ina ce?

Abin da wannan aiki ya fara koya min shi ne kada a yarda da tufafi. Hoton situdiyo kwalliya ce, kwalliya kuwa ana aronta. Seydou Keita, wanda ya buɗe gidan hotonsa a Bamako a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da alƙalami da kwat don masu zuwa ɗaukar hoto. Saboda haka kwat ba ta nuna boko, alkyabba ma ba lallai ta nuna sarauta ba. A duba abin da ba a iya arowa: tsagar gado, salon kitso, hujin kunne, da yadda hannu ya saba naɗa rawani. Tsagar Gobirawa daga gefen baki take tashi ta nufi kunne, ta Barebari kuwa a tsaye take saukowa. Sannan a juya bayan hoton. Hatimin mai ɗaukar hoto yakan zo da sunan gari, wani lokaci har da titi, kuma rubutun ajami ko na Larabci ko na Faransanci da ke wurin ya kan faɗi abin da fuskar ba ta faɗa ba.

Wajen kwafa ne aka fi yin ɓarna. A saka hoton a sikana a kan 600 dpi (ma'aunin kaifin hoto), in ƙaramin fasfo ne 1200, gaba da baya, a ajiye shi a TIFF, wato nau'in fayil na hoto, kuma da launi ko da baƙi da fari ne, domin jan da takardar ta yi shi ma shaida ne kan shekarunta. In waya kawai ake da ita, a fita inuwa da hantsi, a kashe filasha, a riƙe wayar daidai saitin hoton. Hoton da danshin damina ya manne shi da gilashin firam kada a ɓamɓare shi, fuskar za ta bi gilashin. A ɗauke shi yadda yake. Kada a yi masa laminatin, zafi da gam ba sa komawa baya. Rubutu a bayansa da fensir mai laushi, ban da biro, don tawadarsa tana ratsa takarda.

Abin da ya fi ci min rai shi ne manhajojin gyaran hoto na ƙirƙirarriyar basira. Manhajar tana ganin tsaga sai ta ɗauka ƙarzuwar takarda ce, ta shafe ta tas. Tana iya haskaka fata, ta sirance hanci, ta ba rigar shuni wani launi na zato. Mutum ya zo neman kakarsa, sai a miƙa masa wata baƙuwa mai santsin kumatu. In dole sai an gyara, a yi da hannu a kan kwafi na biyu, na asali ya zauna ba a taɓa ba.

Hoto ba ya magana sai an kai shi gaban tsofaffi. A buga shi da girma saboda ido, a miƙa ɗaya bayan ɗaya, a kunna rikoda da izininsu. Kada a ce "Hajiya, wannan Buzuwa ce ko?", don za a amsa da e saboda kara. A ce "Hajiya, wa kika gani a nan?" sai a yi shiru. A tambayi dangin uwa daban, na uba daban. Inda bakinsu ya saɓa a rubuta duka biyun. Wani lokaci zancen zai kai ga bauta, ko sa-ɗaka, ko auren da dangi ba su so ba. Wannan sirrin gida ne, haka ma hoton matar kulle ba mayafi. Ba a kai su baje koli sai masu abin sun amince.

In an zo ƙirƙirar sabon aikin fasaha daga hoton, ina ganin raba fuska biyu, rabi da rawani rabi da wata hula, ya yi arha. Ba wanda yake rayuwa rabi da rabi. Samuel Fosso, ɗan Ibo da aka haifa a Kamaru a 1962, ya tsira daga yaƙin Biyafara ya buɗe situdiyon hoto a Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, yana ɗan shekara 13. Shi yakan shiga kamannin mutum ne gaba ɗaya a kowane hoto, ya bar jerin hotunan su nuna yawan fuskokinsa.

Hanya mai sauƙi ta ɗora fuskar kaka a kan ƙyallen gida ita ce sayanotayif, bugun rana mai launin shuɗi. A narka giram 25 na sinadarin ferric ammonium citrate a ruwa mililita 100, giram 10 na sinadarin potassium ferricyanide a wani mililita 100, a haɗa daidai wa daida a ɗaki mai duhu-duhu, da safar hannu. A shafa a farin ƙyallen auduga da aka wanke sitacinsa, ya bushe a duhu. A ɗora nagetif, wato hoton da aka juya farinsa ya koma baƙi, baƙinsa fari, da aka buga a ledar firinta, a danne da gilashi, a sa a rana minti 10 zuwa 15, a ɗauraye da ruwa zalla har rawayar ta fita. In hoton ya bi ruwa, ranar ba ta isa ba. In ya yi dishi-dishi, gilashin bai danne sosai ba. Shuɗinsa yana kama da na marinar Ƙofar Mata ta Kano, amma kada a tsoma shi a rijiyar marina ko a wanke shi da sabulu: toka da kanwa suna cinye wannan launin, hoton ya koma rawaya.