Bargon Sunaye: Kwatan Incin Da Ya Cinye Mini Suna 23

Bargon tara kuɗi irin na Amurka tsarinsa a fili yake: mutum ya biya, a sa sunansa a jikin yadi, a haɗa, a ƙarshe a yi gwanjon bargon a ƙara samun wani abu. Matan coci-coci sun daɗe suna yi tun ƙarni na 19, sau da yawa senti 10 kowane suna. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka yi ta ɗinka wa Red Cross, har mujallar Modern Priscilla ta Disamban 1917 ta buga tsarin wanda zai iya tara dala 1,000. Irinsa na yi, ja da fari, don gyaran ɗakin karatun unguwarmu a nan Amurka.

Na yanka ƙyalle 80, kowanne inci 6 da rabi, 40 ja 40 fari, layi 10 na takwas-takwas. Kowane fari suna huɗu, 160 ke nan. Jan na jiƙa shi sau uku sai da ruwan ya fita garau, don jan da ya zuba a kan fari ba ya fita. Wannan bai ba ni wahala ba.

Inda na yi ɓarna shi ne na raba wa mutane farin ƙyallen haka nan, kowa ya sa hannu da kansa. Ɗinki yana cin kwatan inci ta kowane gefe, wanda ba tela ba kuwa ina zai sani? Ya ga fili, ya ja sunansa har baki. Sai da na gama haɗa layi shida na shimfiɗa na goge, na ga wani harafin farko ya shige cikin ɗinki, wata kuma rabin sunan mahaifinta ya tafi. Na ƙirga, 23. Mutane ne da suka biya kuɗinsu, wasu ma sunan mamatansu suka sa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin aikin minti 20 ne zai hana: a zagaye kowane ƙyalle da salatif ɗin takarda, a bar rabin inci, ba kwata ba, tunda hannu yana zarcewa. A kuma manna takardar naɗe nama mai santsi ta baya da dutsen guga, yadin ya tsaya kyam ƙarƙashin alƙalami.

Farke layi shida ya ci mini kwana tara, ga bin mutane gida-gida.

Daga baya ne na gane abin da na sha gani a gidajen tarihi ban kula ba. Dubi tsofaffin bargunan da kyau, irin waɗanda ke gidan tarihin barguna na Lincoln a jihar Nebraska: da yawa sunaye ɗaruruwa ne amma rubutun hannu ɗaya. Mace guda mai kyan rubutu ke karɓar jerin, ta rubuta da fensir, sauran su bi da jan zare mai rinin da ake kira jan Turkiyya, wanda ba ya zuba. Da na ɗauka rashin ilimin masu biya ne. A'a, ita ta san inda allura za ta bi. Zaren ma ya fi tawada ƙarko: tsohuwar tawada mai sinadarin ƙarfe tana cin auduga, za ka ga sunan ya zama rami mai siffar haruffa. Su kuwa tsofaffin bargunan, a gidajen tarihi ana rataye su ne a haske kaɗan, wajen lux 50 a ma’aunin ƙarfin haske, a sauke bayan ’yan watanni.

Sababbin ƙyallayen ni na rubuta su duka, na bi da zare sili biyu. Jerin sunayen da ranar da aka gama kuma na ɗinke su a bayan bargon, kusurwar hagu ta ƙasa.