Godiya bayan kai amarya

Alhamdu lillahi, an ɗaura aure bayan sallar Juma'a a masallacin unguwarmu da ke Gwammaja, an kuma kai amarya ɗakinta a Hotoro daren Lahadi lami lafiya. A madadin maigida da ni kaina, ina miƙa godiya ga 'yan'uwa, maƙwabta da abokan arziki da suka tsaya mana tun daga ranar kamu har zuwa buɗar kai, musamman ƙanwata wadda ta ɗauke mini nauyin uwar biki.

Akwai godiya ta daban ga yaran gidanmu, waɗanda suka nuna mini ɗan hoton nan na amarya, wato 👰, lokacin da aka buɗe zauren WhatsApp na biki. Kowa ya san amaryar 'yar fari ce, kuma bakina bai taɓa kama sunanta ba, balle in rubuta shi a gaban surukai. Da wannan alama na fita kunya, domin duk inda zancen ɗinkinta ko lallenta ya taso, sai in sa hoton a gurbin sunan, kowa kuma ya gane wadda nake nufi.

Gwaggonmu ce kaɗai ba ta gamsu ba, don ta ce ba ta taɓa ganin amarya da fuska a buɗe ba. Tana da gaskiya, domin farar shigar ta Turawa ce, wadda ta yaɗu bayan auren Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1840, alhali tamu amaryar an fita da ita lulluɓe cikin laffaya tana kuka. Alamar ta shiga jerin Unicode, wato tsarin haruffa da alamomin waya da kwamfuta na duniya, a 2010, a 2015 aka ba da damar sauya mata launin fata, shi ya sa na zaɓi wankan tarwaɗa irin na yarinyar. Tun 2020 kuma akwai ta namiji sanye da mayafin, ita ce Kawu ya turo bisa kuskure tare da doguwar addu'arsa, kuma mun karɓi addu'ar hannu bibbiyu.

Ga waɗanda ke nesa, da suka aiko da hoton haɗe da "Allah ya ba da zaman lafiya", na ga saƙonninku duka, hidima ce ta hana ni amsawa ɗaya bayan ɗaya. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci, ya kuma nuna mana na 'ya'yanku. Zauren zai ci gaba da zama a buɗe har a kai gara.