Waya ta uku da na manta da ita

Jiya na iske wani yaro yana ta murna a gaban kwamfuta. Ya zana eriya mai hannu biyu, wato daifol, a NEC, manhajar da ke lissafa yadda eriya za ta yi aiki, hoto ya fito tsaf, har ya ɗauko kebul ɗin kowaks, mai waya a tsakiya da rigar ƙarfe kewaye da ita, zai jona kai tsaye. Na ce, "Ɗana, ina balun?" Balun shi ne ɗan abin da ake sawa tsakanin eriya da kebul don ya daidaita su. Ya ce manhajar ba ta nema ba. Gabana ya faɗi, don ni ma da bakina na taɓa faɗin haka.

Tawa eriyar ta megahaz 14 ce, kowane hannu wajen mita 5. Littafi ya ce turjiyarta om 73, ta kebul om 50, ma'aunin SWR mai nuna dacewar eriya da kebul ya nuna 1.5, na ce shi ke nan. Ranar da na fara magana, makirfo ya harbe ni a leɓe kamar kunama, lasifikar kwamfuta kuma tana kwaikwayon muryata. Da na ƙara tsawon kebul sai awon ya sauya, amma ban farga ba. Ashe wutar rediyo a fatar ƙarfe take gudu, saboda haka bayan rigar kebul ya zama waya ta uku, yana watsawa, yana kwaso hayaniya. Ban zana shi ba, kwamfuta kuwa ba ta duba.

A yi mini adalci dai, lokacin babu na'urar awon eriya mai arha irin NanoVNA. To amma injiniya Guanella tun 1944 ya fito da balun ɗin da ke maganin haka, ina hujjata? Da na tashi gyara ma sai na ɗora balun 4:1, mai raba turjiya gida huɗu, irin na injiniya Ruthroff, wanda ya dace da naɗaɗɗiyar daifol mai kusan om 300. Om 73 ya koma 18. Garin neman gira na rasa ido.

Na shirya wa yaron nasiha goma, da na ga yana latsa waya sai suka ragu. Naɗa kebul a zoben ferait, mai tare wutar da ke bin bayan kebul, lamba 31 ko 43, daidai bakin eriya, ya zama balun 1:1. Auna shi, kada turjiyarsa ta gaza om 1000. Kada ka yarda da kwamfuta. Amma kuma kada ka hau sama ba ka zana ba, kuma ka sa bayan kebul a zanen a matsayin waya mai zaman kanta.

Ya ce zai duba bidiyo tukuna. Yaran yanzu! Na miƙa masa zoben, na ce ya fara naɗi ina kallo.